ABINCIN MATAFIYI A FILIN JIRGIN SAMA

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a jawo hankalin jama'a ga wani al'amari wanda matafiya da yawa ba su kula da shi sai sun shiga wahala, watau abin da za su ci da abin da za su sha tun daga barin gida har zuwa saukarsu. Mutum yakan shafe watanni yana neman fasfo da biza da kuɗin tikiti, ya ɗinka sababbin tufafi, ya yi sallama da 'yan'uwa, amma ya manta da cikinsa. Sai ya isa filin jirgin sama yunwa ta kama shi, ya sayi abin da idonsa ya fara gani da tsadar gaske, ko kuwa ya ci abin da zai ɓata masa ciki a inda bai san kowa ba.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, samun abinci mai kyau a filin jirgi abu ne na shiri, kuma shirin daga gida yake farawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tafiyar ta fi abin da tikiti ya nuna

Bari mu ɗauki misalin mutumin da ke zaune a Garam, ta yankin Suleja a Jihar Neja, wanda zai tashi daga Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja zuwa Jidda. A ce jirginsa zai tashi da ƙarfe 2 na rana. Ana bukatar fasinjan ƙetare ya hallara awa 3 kafin lokacin tashi, watau ƙarfe 11 na safe. Ko ya bi ta Bwari da Kubwa, ko ya bi ta Zuba da Giri, tilas ya ba kansa wajen awa 2 saboda cunkoson motoci. Ke nan da ƙarfe 8 zai karya kumallo, ya kama hanya da ƙarfe 9.

To, a ce jirgin ya yi jinkirin awa 2, abin da ba baƙo ba ne, musamman lokacin hunturu sa'ad da hazo ke hana matuƙa ganin hanya, ko da damina sa'ad da hadari ya taso. Ba a raba abinci cikin jirgi sai ya ɗaga ya daidaita a sama. Kafin wannan bawan Allah ya sa wani abu a baki, ƙarfe 5 na yamma ta yi, awa 9 ke nan bayan karin kumallo. Bayan tafiyar wajen awa 5 a sama, ga layin duba fasfo, ga jiran kaya. In kuwa maniyyaci ne, mai yiwuwa ya riga ya kwana ɗaya ko biyu a sansanin alhazai yana jiran a kira sunansa.

Wani lokaci ma al'amarin yakan wuce haka. A watan Maris na 2017 an rufe filin jirgin Abuja har mako 6 domin gyaran titin saukar jirage, aka mayar da fasinjoji Kaduna. Wanda ya saba da tafiyar awa guda zuwa fili sai ga shi yana tafiyar awoyi. Saboda haka mai hankali ba ya lissafin abincinsa da awoyin da aka rubuta a tikiti kaɗai.

Guzuri

Kakanninmu sun san wannan tun kafin jirgin sama na farko ya sauka a Kano a 1925. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, da maniyyatan da ke bin Barno da Wadai da Darfur da ƙafa har bakin Bahar Maliya, ba su dogara ga abin da za su tarar a zango ba. Sukan ɗauki abinci busasshe wanda zafi ba ya lalata shi. Jirgi ya rage nisa, amma wannan hikima tana nan da amfaninta.

Guzurin da ya dace da jakar hannu shi ne dabino, da soyayyar gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da daƙuwa, da cincin, da biskit, da burodi, da busasshiyar aya, da dambun nama ko kilishi wanda ya bushe sarai. Ana iya ƙarawa da ayaba ko lemo guda biyu. A zuba kowanne cikin leda mai tsabta wadda ake ganin abin da ke ciki, domin masu bincike su duba ba tare da sun kwance ba. Kada a cika yawa. Abin da zai riƙe mutum yini guda ya isa.

Akwai kuma abincin da bai dace da wannan tafiya ba ko da mutum yana sonsa. Alale, da ɗanwake, da dafaffiyar shinkafa, da miya, da dafaffen ƙwai, duk ba su daɗewa cikin zafi. Fura da nono, da kunun zaƙi, da kunun aya, da zoɓo, sukan yi tsami su kumbura, gorar ta fashe cikin jaka ta ɓata tufafi da takardu. Wanda ke son irin waɗannan sai ya ci ya sha abinsa a gida kafin ya fita.

Dokar abin ruwa-ruwa

A watan Agusta na 2006 hukumomin Ingila suka gano wani shiri na tarwatsa jiragen fasinja da sinadarai masu ruwa-ruwa da za a ɓoye cikin kwalaben abin sha. Tun daga nan ƙasashen duniya suka kafa dokar da ake bi a mafi yawan filayen jirage, musamman ga masu zuwa ƙetare. Ba a wuce wurin bincike da ruwa, ko lemon kwalba, ko zuma, ko man shanu, ko manja, ko wani abu mai kama da su a jakar hannu, sai in mazubin bai wuce mililita 100 ba, watau kimanin cokalin cin abinci 7. Girman mazubin ake dubawa. Babbar gora ko da ruwan cikinta kaɗan ne za a karɓe ta.

An ɗauke wa abu biyu wannan doka: madara da abincin jarirai, da kuma magunguna, gwargwadon bukatar tafiyar. Sai dai a fito da su a nuna wa ma'aikata. Kada matafiyi ya yi jayayya da masu bincike a kan gorar ruwa, domin aikinsu suke yi, kuma tsaron lafiyarsa ne. Ya shanye ruwansa kafin ya shiga layi, ya sayi wani bayan ya wuce. Gorar da ba komai a cikinta tana wucewa, kuma a manyan filaye na ƙetare akwai famfunan ruwan sha inda ake cikawa kyauta.

Inda ake sayar da abinci a fili

Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya, watau FAAN, ita ce ke ba 'yan kasuwa hayar shaguna a filayen jiragen Gwamnatin Tarayya. Wuraren cin abinci kashi biyu ne: na waje, kafin wurin bincike, da na ciki, kusa da ƙofofin shiga jirgi. Abinci a filin jirgi yakan fi na gari tsada, kuma na ciki yakan fi na waje. Dalili kuwa shi ne kuɗin haya yana da yawa, kayan da mai shago zai shigar sai an bincika su, masu sayarwa kaɗan ne, fasinja kuma ba shi da damar fita ya nemi wani wuri.

Saboda haka wanda yake da isasshen lokaci gara ya ci abinci mai nauyi a waje bayan ya auna kayansa ya karɓi katin shiga jirgi, amma ya riƙa duba agogo. Matambayi ba ya ɓata: a tambayi ma'aikatan fili, ko masu shara, ko direbobin tasi, inda su suke cin abinci. Sau da yawa a nan ake samun abinci sabon dafuwa kuma mai sauƙin kuɗi. A kuma tambayi farashi kafin a ci, a karɓi rasit in an biya.

Ƙyalƙyalin shago ba shi ne shaidar tsabtar abinci ba. Ga abubuwan da ya kamata a duba:

1. Wurin da mutane ke yawan saye ya fi, domin abincinsa ba ya daɗewa a ajiye.
2. Abinci mai zafi ya kasance yana tururi sa'ad da ake zuba shi. Mai ɗumi-ɗumi shi ne mai haɗari.
3. Abinci ya kasance a rufe, ba ƙuda a kansa.
4. Mai zuba abinci kada ya zama shi ne mai karɓar kuɗi da hannun da yake taɓa abincin.
5. A guji ɗanyen ganye irin su latas da kabeji da aka yanka aka ajiye, da 'ya'yan itacen da wani ya fere, da naman da cikinsa bai dahu ba.
6. Abin da ke cikin kwalba ko gwangwani ko leda, a duba lambar Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna, a kuma duba ranar ƙarewar amfaninsa. Gwangwanin da ya kumbura ba a cin abin da ke cikinsa.

Me ya sa abinci mai ɗumi-ɗumi ke da haɗari?

Akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, masu hayayyafa cikin dafaffen abinci in ya huce bai shiga firji ba. Wasunsu sukan rabu biyu cikin kowane minti 20. Da wannan lissafi, ƙwaya guda tana iya zama fiye da miliyan 2 cikin awa 7, alhali abincin bai sāke kama ko ƙamshi ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna da zafin da ya haura digiri 60, ko kuwa cikin sanyin da bai kai digiri 5 ba. Shinkafar da aka dafa tun safe aka bar ta, sa'an nan aka ɗumama, tana cikin abincin da ya fi kawo amai, domin dafin da wasu ƙwayoyi ke zubawa a cikinta ba ya mutuwa da ɗumame.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙiyasin da hukumar ta bayar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara a duniya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuma suna rasa rayukansu. A nan ƙasarmu, a 2021 kaɗai an ba da rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da cutar amai da gudawa, wadda ruwa da abinci marasa tsabta ke yaɗawa. Gudawar da mutum zai jure a gida takan zama babbar wahala a cikin jirgi, inda ɗaruruwan mutane ke jiran 'yan ban-ɗakuna ƙalilan. Ga maniyyaci kuwa, tana iya kwantar da shi a kwanakin da ya tara kuɗin shekaru dominsu.

Hanya mafi sauƙi ta kariya ita ce wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga ban-ɗaki. Ruwan sha kuma ya zama na gora wadda murfinta ke liƙe, mutum ya buɗe da kansa. A guji ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba.

In jirgi ya yi jinkiri

Fasinjoji da yawa ba su san suna da haƙƙi a kan kamfanin jirgi ba. Dokokin kare fasinja na Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa, watau NCAA, sun tanadi cewa in jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa 2, kamfani ya ba fasinjoji abin sha da abin taɓawa kyauta. In jirgin ƙetare ne kuma jinkirin ya wuce awa 4, ya ba su abinci. In jinkirin ya kai ga kwana, akwai tanadin masauki da motar da za ta kai su. Wannan ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. Fasinja ya je wurin wakilin kamfani cikin natsuwa da ladabi ya nuna katinsa. In bai sami biyan bukata ba, ya nemi jami'an kare fasinja na NCAA da ke manyan filayenmu ya kai kuka. Zagi da fasa kaya ba su kawo abinci, sai dai su kai mutum hannun hukuma.

A cikin jirgi da zango a ƙetare

Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, tana jawo ƙishirwa da bushewar maƙogwaro. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, kada a ƙi sha don gudun zuwa ban-ɗaki. Har ila yau, sa'ad da jirgi ya yi sama iskar da ke cikin hanjin mutum takan buɗe, ciki ya kumbura. Don haka a rage wake, da lemo mai gas, da abinci mai yawan mai ko yaji kafin tashi. A jiragen cikin gida, irin na Abuja zuwa Ikko ko Kano, tafiyar wajen awa guda ce, abin da ake bayarwa bai wuce ɗan abin taɓawa ba, kada a dogara gare shi.

Manyan kamfanonin jiragen ƙetare suna tanadar abinci na musamman ga mai ciwon sukari, da wanda ba ya cin nama, da yara, da kuma Musulmi mai neman halal. Amma sai an nema tun wurin sayen tikiti, ko aƙalla kwana 2 kafin tashi. Ba a samunsa in an riga an shiga jirgi.

Mai yada zango a Alƙahira, ko Dubai, ko Doha, ko Istanbul, ba zai sha wahalar samun halal ba. A filayen Turai da Amurka kuwa sai an lura. Wanda ba ya cin naman alade ya san cewa da Ingilishi ana rubuta shi pork, ko ham, ko bacon, da Faransanci kuma porc ko jambon. In akwai shakka, kifi da ƙwai da burodi da 'ya'yan itace sun wadatar. A riƙe 'yan kuɗin ƙetare ko katin banki mai aiki a can, domin ba a karɓar naira.

Abincin da ba a shiga da shi wata ƙasa

Abin da ya halatta a ci cikin jirgi ba lalle ne ya halatta a sauka da shi ba. Hukumomin Saudiyya sun haramta shiga ƙasarsu da goro, kuma Hukumar Alhazai ta Ƙasa, watau NAHCON, wadda aka kafa a 2006, tana maimaita wannan gargaɗi ga maniyyata kowace shekara. Wanda ya saba da cin goro ya fara rage shi tun makonni kafin tafiya. Ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko madara da abin da aka yi da su, domin kare dabbobinsu daga cututtuka. Kilishi da dambun nama da man shanu duk suna cikin wannan hani. A Amurka tilas ne a bayyana duk wani abinci da aka zo da shi. Wanda ya bayyana, iyakaci a karɓe abin da aka hana. Wanda ya ɓoye aka gano, sai ya biya tara. Saboda haka a cinye guzurin nama kafin a sauka. Mai son tafiya da kayan miya ko hatsi ya fara tuntuɓar jami'an duba amfanin gona da dabbobi da ke filin jirgi.

Akwai gargaɗi guda wanda ya fi duk waɗannan nauyi. Kada kowa ya karɓi ƙullin abinci, ko garin yaji, ko wani saƙo daga hannun wani domin ya kai wa wani a ƙetare, sai ya buɗe ya ga abin da ke ciki da idonsa. Masu fataucin miyagun ƙwayoyi sukan ɓoye su cikin kayan abinci, kuma doka tana kama wanda aka sami kayan a hannunsa. A Saudiyya hukuncin wannan laifi yana kaiwa ga kisa. Kunya ba ta da wuri a nan.

Yara, tsofaffi da marasa lafiya

Uwa mai goyo ta ci gaba da ba da nono, musamman lokacin tashi da sauka, domin haɗiya tana rage wa jariri ciwon kunne. A riƙe wa yara abincin da suka saba da shi. Mai ciwon sukari kada ya yarda ya zauna da yunwa bayan ya sha magani ko ya yi allura. Ya riƙe biskit da 'yan dabino ko sukari a aljihu domin lokacin da ya ji jiri ko rawar jiki, magungunansa kuma su kasance a jakar hannu tare da takardar likita. Mai hawan jini ya rage kilishi da gyaɗa mai gishiri. Wanda ya raka tsoho fili ya tabbata ya ci ya sha kafin su rabu, domin dattawa da yawa sukan ji nauyin tambaya.

In ciki ya ɓaci

In duk da haka gudawa ta kama matafiyi, babban haɗarin shi ne ƙarewar ruwan jiki. Yana da kyau kowa ya sa 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari na kanti, watau ORS, cikin jakarsa. In babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa sha a hankali. In an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko amai ya ƙi tsayawa, a nemi ma'aikatan lafiya na filin jirgi kafin a shiga jirgi. Maniyyaci ya sanar da likitocin da ke tare da ayarinsa nan da nan.

Kammalawa

A taƙaice, ana roƙon kowane matafiyi ya ci abinci mai kyau a gida kafin ya fita, ya riƙe busasshen guzuri na yini guda, ya sayi ruwa mai liƙaƙƙen murfi bayan wurin bincike, ya zaɓi abinci mai tururi, ya wanke hannu, ya san haƙƙinsa in an yi jinkiri, ya kuma san dokar ƙasar da zai sauka. Ana kuma roƙon hakimai da dagatai, da limamai da shugabannin coci, da jami'an alhazai na ƙananan hukumomi, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani kafin ranar tafiyarsu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya.